Barkono Za Ta Kai Amarya

Duk wanda ya zauna a Agege ko da na wata guda ne ya san motar Alhaji Almu mai fatu. 'Yar ƙarama ce, ja wur, ƙirar Ingila ta zamanin da, cikinta kamar ya shafi ƙasa, rufinta kuma na tamfol ne da ake naɗewa baya. Kujera biyu gare ta tak. Tun yana saurayi ya saye ta a hannun wani Bature mai sayen ƙirgi a Apapa da zai koma ƙasarsu, mutanen unguwa kuma suka laƙaba mata suna Barkono, don ga ƙanƙanta ga ja ga zafi idan ta tashi. Alhaji bai taɓa jin haushin sunan ba. Shi kansa da shi yake kiran ta.

Tun daga ranar da ta zo hannunsa babu mahalukin da ya taɓa riƙe sitiyarinta sai shi. Ko bakanike ne, Alhaji zai tsaya masa a ka har ya gama, in kuma ana son a ji ƙarar inji, shi zai shiga ya taka totur. Duk ranar Juma'a zai ja ta zuwa masallaci a hankali, hularsa a karkace, yana amsa gaisuwa da yatsa biyu, kai ka ce shi ya shimfiɗa titin. Mutum ne mai girman kai, wannan ba a musu, amma irin girman kan da unguwa ta saba da shi har take jin daɗinsa.

Ana nan sai ƙanwarsa Hajiya Kalsum, mai kai nama otal-otal a Ikeja, ta sayo a-kori-kura sabuwa dal. Fara sol, ƙofa huɗu, tsayinta sai mutum ya taka matakala kafin ya shiga. Ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan yayanta, ta ajiye ta daidai kusa da Barkono, ta sauko tana gyara mayafi kamar ba ta yi komai ba.

'Yan majalisar Alhaji kuwa duk mutanen Abbatuwa ne, mahauta da dillalan shanu, su kuma komai aka kawo gabansu kallon bijimi suke yi masa. Malam Hamani, wani tsohon dillali Bazabarme da ya fi shekara talatin yana zama a tabarmar Alhaji, shi ya fara tashi. Ya zagaya farar motar, ya daki bayanta da tafin hannu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya matsa taya da babban yatsa.

"Wannan kam ta ci ta ƙoshi," in ji shi. "Kamyo ce sosai, babbar mota ke nan a wajenmu. Dubi ƙirji, dubi cinya."

"Firji ne aka sa wa taya," in ji Alhaji Almu, bai ko tashi daga tabarma ba.

Hajiya Kalsum ta yi dariya. "Yaya, ni firjina sa biyu yake ɗauka a feɗe. Naka bahon wankan fa? Ko kan rago aka sa masa sai ya durƙusa."

"Ba don ɗaukar kaya aka ƙera ta ba."

"To don me aka ƙera ta?"

"Don mutanen da suka gama ɗaukar kaya."

Majalisa ta ɗauki shewa. Daga ranar nan aka samu abin yi, kullum bayan la'asar sai an tayar da zancen. Masu goyon Hajiya su ce tata tana da esi, giyarta ita ke canza kanta, in ruwa ya cika titin Oko-Oba ratsawa take ta wuce ana kallon ta. Masu goyon Alhaji su ce irin tata ɗari za ka gani kafin ka kai Oshodi, Barkono kuwa ka nemo ta biyu a duk Legas. Alhaji shi ba ya cewa komai sai an zo kan giya, nan ne zai ce motar da ke canza wa kanta giya ai ba tuƙa ta ake ba, ita ke tuƙa mutum.

Abin da 'yan majalisa ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru, shi ne ba ja da ƙara ne kaɗai suka sa Alhaji ke son motar nan ba. Yana da 'ya, Mastura, 'yar farinsa. A gidan Bahaushe irinsa kuwa ba a sakin fuska da ɗan fari a gaban mutane. A cikin gida ba ya zama hira da ita, in ta gaishe shi ya amsa a taƙaice ya kau da kai, in an yabe ta a gabansa ya yi kamar bai ji ba. Amma tun tana firamare shi ke kai ta makaranta a Barkono, motar da ba ta da wurin mutum na uku. Da sun bar layinsu sai bakinsa ya buɗe. A ciki ta gaya masa malamin da ya doke ta, a ciki ta gaya masa tana son karatun aikin jinya, a ciki kuma, bayan ta gama ta fara aiki, ta gaya masa akwai wani Shafi'i a Ogba da yake son ya turo manyansa. Duk hirar da uba da 'ya suka taɓa yi a duniya, a kan kujeru biyun nan suka yi ta.

Da aka sa ranar biki, Mastura ba ta iya tunkarar sa da kanta ba, sai ta aiko mahaifiyarta. Hajiya Fatsuma ta kawo masa abinci, ta tsaya tana juya murfin kwano.

"Yarinyar nan ta ce in gaya maka, ba ta son motar haya mai balan-balan. A Barkono take so a kai ta."

Alhaji ya ce, "To," ya ci gaba da cin tuwonsa. Amma tuwon nan bai san ta inda ya bi ba don daɗi. Washegari tun da safe aka gan shi da tsumma yana goge fitilun da ya riga ya goge jiya.

Murnar ba ta daɗe ba, don magana ta kai kunnen Hajiya Kalsum, ita ce kuwa gwaggon amarya, a wuyanta kai amarya yake. Ta same shi a zaure.

"Yaya, ka yi tunani kuwa? Wa zai tuƙa?"

"Wa ya saba tuƙawa?"

"Kai? Kai za ka ɗauki 'yar farinka ka kai ta ɗakin miji? A Agege? Ai kafin ku kai Pen Cinema labari ya kai Kano."

Alhaji ya san gaskiya ta faɗa. Uba yana yi wa 'yarsa nasiha a ɗakinsa, ya sa mata albarka, a fita da ita, shi kuma ya zauna. Ko ƙofar gida ba kowane uba ke rakiya ba.

"Kuma ko ka ba wani ya tuƙa," ta ci gaba, "ni a ina zan zauna? A kan bonet? Amarya ba ta fita daga gidan ubanta sai gwaggonta na riƙe da ita. Ka bar wannan magana. Tawa na nan, baya ya ɗauke ni da ita da ƙawarta, ga sanyi, kwalliyarta ba za ta narke ba."

Ta fita ta bar shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Kwana da kwanaki Alhaji ba ya cikin hayyacinsa. A rumbun fatu ya yi wa masu zuba gishiri faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya juya maganar ta kowane gefe, kujerun nan dai biyu ne, ɗaya ta amarya, ɗaya ta direba, gwaggo kuma dole. Abu ɗaya yarinyar nan ta taɓa roƙon sa ta bakin uwarta, kuma ya ce to. Tunanin a ce mata bai yiwu ba shi ke hana shi sakat.

Malam Hamani ne ya warware, yana tsakiyar ɓare goro. Aikin dillali ke nan, ya ga inda mai saye da mai sayarwa za su haɗu alhali su ba su gani ba.

"Alhaji, gwaggon nan ba ta iya mota ba ne?"

Alhaji ya dube shi kamar ya zage shi.

"Ni dai tambaya na yi," in ji Hamani. "In gwaggo ce direba, kujera ta isa."

Sai da ya kwana biyu yana gaba da Hamani kafin ya aika a kira Kalsum. Da ta zo bai yi wani dogon bayani ba, ya ɗora makulli a kan tabarma ya tura mata da yatsa, yana kallon bango. Ita ma, duk tsiwarta, ba ta yi dariya ba. Ta san abin da ya fita daga hannun yayanta.

Koyon kuwa an sha kallo. A wani fili bayan Abbatuwa suke yi da safe, kafin rana ta yi zafi. Kalsum ta iya mota mai kuloci, da tsohuwar bas ta fara sana'a, amma ƙafarta ta manta, Barkono kuma ba ta yafiya. In an saki kuloci da sauri ta yi tsalle ta mutu, in an ja cok da yawa ta sha mai ta ƙi tashi. Duk lokacin da giya ta yi ƙara, Alhaji sai ya dafe ƙirji kamar haƙarƙarinsa aka karya.

"A hankali! Lallaɓa ta ake yi! Ke komai sai kin yi shi kamar kina sara ƙashi?"

"Yaya, in ka ƙara yi mini ihu wallahi zan sauka in bar maka gwangwaninka."

"Wa kike ce wa gwangwani?"

"To, Hajiya Barkono. Allah ya huci zuciyarta."

Mahauta su bar aiki su jeru a jikin katanga suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Wata Bayarabiya mai sayar da amala ta riƙa yi wa Kalsum kirari tana cewa Alhaja ta nuna musu. A hankali dai ƙafa ta tuna. Ranar da Kalsum ta zagaya filin nan tun daga giya ta ɗaya har ta huɗu ba ƙara ko ɗaya, Alhaji ya ce, "Ba laifi," ya juya kai gefe. Ita kuwa ta ce masa abin da bai zata ba, wai motar nan tana da rai, mutum yana jin titi a tafin hannunsa. Ya ce ai ya daɗe yana faɗa, kunne ne ba su da shi.

Ranar biki aka ɗaura aure da hantsi, aka tsayar da kai amarya bayan la'asar, don wanda ya san gosilon Legas ba ya jiran magariba. Aka shigo da Mastura ɗakinsa a lulluɓe, tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya yi mata nasiha irin wadda iyaye ke yi, haƙuri da tsoron Allah da riƙon amana, da murya irin ta mai karanta sanarwa, don ɗakin cike yake da mata. Abin da yake son faɗa mata ba na ɗaki ba ne, kuma yau babu kujerarsa a motar. Aka fita da ita ana guɗa.

Daga zaure yana jin komai. Tsofaffin mata sun dage sai an rufe tamfol, wai ba a kai amarya a buɗe kamar tallan lemo. Aka rufe. Ya ji an murɗa makulli, injin ya yi tari sau ɗaya ya kama, unguwa ta ɗauki sowa. Motocin 'yan rakiya suka bi baya.

Nan fa zama ya gagare shi. Ya tuna gadar Pen Cinema, da hawanta, da yadda motoci ke cushewa a kai da yamma. A shimfiɗaɗɗen fili ya koya wa Kalsum, bai taɓa koya mata tashi a kan hawa ba. In motar nan ta mutu a tsakiyar gada da amarya a ciki, 'yan bas ɗin danfo suna zagi, yaran titi suna turawa, da wane ido zai dubi yarinyar nan? Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da igiyar ɗaure shanu mai kauri a kafaɗa. Makullin a-kori-kura na rataye a ƙusa inda Kalsum ta bar shi.

"Ina zuwa, Alhaji?" in ji Hamani. "Uba ba ya rakiyar amarya fa."

"Wa ya ce amarya zan raka? Mota zan raka."

'Yan majalisa suka dubi juna, kowa ya gane. Hamani ya kakkaɓe rigarsa ya ce to shi ma bari ya raka igiya.

Haka Alhaji Almu ya taka matakala ya hau firjin da ya yi wata da watanni yana zagi. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta laluben kuloci tana taka iska. Ya yi tsaki, ya ja, motar ta tafi sumul ba gardama, abin da ya ƙara ba shi haushi. Amma da suka fito babban titi sai ya lura da wani abu. Daga kujerar nan yana hango kan kowace mota, har saman danfo. Can gaba, tsakanin rawayen danfo da 'yan okada, ga ɗigon ja yana tafiya.

Ya kutsa, ya matsa, masu ƙananan motoci suna ganin ƙirjin farar motar suna ba shi hanya, har ya zamana mota biyu ce tsakaninsa da Barkono. A gindin gada gosilo ya tsayar da kowa. Zafi ya taso daga kwalta, ya san cikin tamfol ɗin nan yanzu kamar tanda yake. Sai ya ga Kalsum ta miƙa hannu ta ɓalle maƙallin rufi na gefenta. Na ɗaya gefen yana da tauri, sai wanda ya san shi. Wani hannu mai lalle ya fito daga cikin lulluɓi, ya danna shi ciki ya murɗa, tamfol ya faɗa baya.

Titi ya rikice. "Iyawo! Iyawo!" in ji masu tallan ruwa, wato amarya da Yarbanci. 'Yan okada suka kama hon, fasinjojin danfo suka zuro kai da wayoyi ta taga, wani kwandasta ya sauko ya tsaya a gaban motocin gefe yana buɗe hanya ba wanda ya sa shi. Hajiya Kalsum zaune ƙyam, ɗaurin kallabinta ya kusa fin gilashin gaba tsawo, amarya a gefenta cikin farin mayafi mai zare na zinariya, kanta a sunkuye.

Alhaji ya riƙe sitiyari ya kasa ko ƙifta ido. Shekara arba'in yana da motar nan, bai taɓa ganin ta tana tafiya ba. Kullum yana ciki. Bai san haka take sheƙi in rana ta faɗa mata ta gefe ba, bai san haka mutane ke juyowa su bi ta da kallo har ta ɓace ba, shi dai yatsa biyu yake ɗagawa ya wuce. Daɗi ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa shi.

"Hamani, ka gan ta?"

"Na gan ta, Alhaji."

"A'a, ka dube ta da kyau."

Aka fara hawa gada, taku ɗaya a tsaya, taku ɗaya a tsaya. A daidai inda hawan ya fi tsauri layi ya tsaya cak. Da aka saki, Barkono ta ɗan zame baya. Hannun Alhaji ya kai kan igiya. Sai ya ga amarya ta ɗan karkato kai wajen gwaggonta kamar mai raɗa, hannun Kalsum ya sauka kan birkin hannu, injin ya ɗaga murya, motar ta tsaya daram, sannan ta haura sumul kamar ba ta taɓa sanin wani direba ba. Bai koya wa Kalsum wannan ba. Wadda ta yi shekaru tana kallon hannunsa daga kujerar gefe ita ta san shi.

Daga nan hanya ta buɗe har Ogba. Kalsum ta ba ta wuta, mayafin amarya yana kaɗawa, a-kori-kura na biye ba ta ko haki. Alhaji ya yarda a ransa, ko da yake ba zai taɓa faɗa a majalisa ba, cewa firjin nan ya san aikinsa.

A bakin layin gidan ango ya taka birki ya gangara gefe. Iyakarsa ke nan, shi ma ya sani. Daga sama yana hango rumfa da taron mata, ya ga jar motar ta shiga a hankali, mutane sun dare mata, guɗa ta tashi. Ya ga Kalsum ta zagayo ta buɗe ƙofa, ta kamo amarya ta kafaɗa, mata suka rufe su. Bai ƙara ganin komai ba sai jan bonet tsakanin zannuwa.

Wani ɗan okada da ya biyo su tun daga gada ya tsaya a gefen tagarsa, ya ɗaga kai yana haki.

"Baba, abeg, wannan jar motar ta wane ne? Ban taɓa ganin irinta ba."

Alhaji ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba bayarwa shekara arba'in, sai ya tsaya.

"Ta amaryar ce," in ji shi.

Ɗan okada ya jinjina kai ya wuce. Malam Hamani ya daina tauna goro. A Abbatuwa, maganar da aka yi gaban dillali ta zauna ke nan, ba a tashin ta.

"Alhaji, a gabana ka faɗa fa."

"Na san a gaban wa na faɗa."

Ya ɗauki igiyar daga tsakaninsu ya jefa kujerar baya, ya gyara hularsa ta koma karkace, ya juya farar motar ya nufi Agege.